Bindigar Gidan Abari da Kujerar Fadarmu

Tun da na dawo daga Bilma ban samu sukuni ba. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a kasuwa a tambaye ni, har mahaucin da nake sayen nama a wurinsa ya ajiye wuƙa yana son ya ji ko gaskiya ne sojoji sun kama ni. Na lura kuma cewa mafi yawan labaran da ke yawo daga bakin Manjo Bukari suka fito, mutumin da bai raka ni ko tasha ba. Saboda haka na ga ya dace in zauna in rubuta yadda tafiyar ta kasance, domin wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta, in huta.

Ni ne Isuhu, wanda mutanen Agadas ke kira Mushe Isuhu, wato Monsieur na Faransanci, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, makarantar boko, a ƙasarmu. Na koyar tun ina saurayi, na ajiye aiki ina shugaban makaranta. Daga nan na koma tara tsofaffin bindigogi, waɗanda suka daina harbi tun kafin a haifi yawancin masu karanta wannan. Ban taɓa harbin ko zabo ba. Tarihinsu nake so. A bangon zaurena akwai bindigogin toka na maharba, akwai wata doguwa ta Larabawa mai ƙanƙara, akwai ta sojan Faransa wadda gindinta ya tsage. Matata Hajiya takan ce ta auri mutumin da ke shafa wa mataccen ƙarfe mai alhali ƙofar ɗakinta na kuka. A tsakiyar bangon kuwa akwai ƙusa guda da ban taɓa rataya mata kome ba.

Ƙusar nan ta bindigar Bilma ce. A can aka fara tura ni koyarwa, kuma a gidan wani dattijo na ga wata bindiga irin wadda Faransawa ke ce wa à pompe, wato mai katako a ƙarƙashin hancinta wanda ake ja baya a tura gaba, tsohon kwanso ya fita sabon harsashi ya hau. Na ga rubutun Ingilishi a jikin ƙarfenta, da lambobi. Ƙuruciya ta hana ni kwafewa. Amma na daɗe da tabbatar wa kaina cewa fataken Tarabulus ne suka kawo ta Kawar, yankin da Bilma take, tun kafin Bature ya san hanyar wurin.

Fadarmu tana zama bayan la'asar a ƙofar shagon wani tela, mu tsofaffin ma'aikata. Akwai dakali, akwai tabarma, akwai kuma kujera guda mai hannu da makari, wadda na daɗe ina zama a kanta domin an san abin da ya dace. Manjo Bukari, tsohon ma'aikacin gidan likita, ya daɗe yana kallonta ta gefen ido. Wata rana ina cikin bayanin bindigar sai ya katse ni.

"Isuhu, bindigar nan taka kowace shekara sai ta ƙara tsufa a bakinka. Baɗi za ka ce ta girmi hasumiyar masallaci. Wani kumandan na Faransa ne ya manta da ita, lokacin ni da kai muna da wayonmu."

Na ce masa masu ƙera irin waɗannan bindigogi sukan buga sunansu da shekara a jikin ƙarfe, rubutun kuwa yana nan, ba ya ƙarya.

"To je ka kawo shi mu karanta," in ji shi. "In ya gaskata ka, na yi shiru har a kai ni kushewa. In ya ƙaryata ka, ka sauko dakali in ɗana kujerar nan."

Tela ya ajiye almakashi ya ce kowa ya shaida. Mutum mai shekaruna ba ya janye magana a gaban jama'a.

Dattijon Bilma ya rasu tuntuni, bindigar tana hannun ɗansa Malam Abari. Na samu lambarsa na kira shi. Bayan gaisuwa na shaida masa cewa ina tafe domin ganin bindigar mahaifinsa, kuma in ya yarda ina so in zo da ita Agadas in nuna wa manyan gari. Ya ce, "Manyan gari, Mushe?" Na ce ƙwarai kuwa. Har yau ban ga laifin wannan jimla ba.

Na shiga ɗaya daga cikin manyan motocin da ke zuwa Dirku, garin da ke kusa da Bilma, cikin ayari da rakiyar sojoji. Wanda bai ga irin lodin nan ba ba zai gane ba: buhuna, katifu, bidon-bidon na ruwa a rataye ta kowane gefe, mutane kuma a can ƙololuwa sun naɗe fuska. Saboda shekaruna aka ba ni gaba, tsakanin direba da wata Hajiya Zara mai fataucin dabino. Direban Batube ne, dogo, marar magana. Na gabatar masa da kaina da muƙaman da na riƙe. Ya ce, "Tsoho, ɗage gwiwa." Ashe sandar giya tana tsakanin ƙafafuna. Haka muka ratsa hamadar Tenere, duk lokacin da zai canja giya sai in ɗage gwiwa, har na riƙa ganewa daga kukan mota ina ɗagewa kafin ya ce.

Tun a shingen da ke bayan garin Agadas aka sauke mu ana duba takardu. Wani matashi mai kaki ya tambaye ni abin da zai kai ni Bilma. Ban saba ɓoye gaskiya ba. Na ce, "Bindiga zan ɗauko."

Hajiya Zara ta dafe kai. Aka wuce da ni rumfar shugabansu, wani mai ƙiba yana shan shayi. Ya ce in yi bayani, na kuwa yi. Na fara daga bindigar toka wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Na zo kan masu cin harsashi guda. Na nuna masa yadda a ƙarshen ƙarni na sha tara maƙeran Amurka suka fito da dabarar katako mai zugewa, domin maharbi ya sake ɗana bindiga ba tare da ya sauke ta daga kafaɗa ba, da yadda harsasai ke jere cikin wani siririn bututu a ƙarƙashin hanci. Na bayyana masa cewa ƙananan cikinsu an fi amfani da su wajen harbin zomo da wasan saiti a wuraren biki, kuma masu tara su a yau ba ƙyalli suke nema ba, tsatsa da tabo da rubutun maƙeri su ne shaidar abu, wanda ya goge su ya kashe shi. Na karɓi sandar wani makiyayi ina kwatanta zugewar. Shayinsa ya huce. Motocin ayari suka fara tafiya, direbanmu yana danna oda.

"Mushe," in ji shugaban, "wannan bindigar tana harbi?"

Na ce wannan tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana buƙatar mu koma baya kaɗan.

"Kada mu koma. Allah ya kiyaye hanya."

Wannan shi ne kamun da Manjo ke faɗa.

Hamada ba ni da abin cewa a kanta, rairayi ne gaba da baya. Abincin hanya taliya ce da kifin gwangwani, kowace loma da rabonta na yashi. Wasu Buzaye da ke saman mota suka gasa tagalla, irin gurasarsu, a cikin toka da rairayi mai zafi, suka kakkaɓe suka ba ni, kuma in faɗi gaskiya ta fi taliyar tsabta. Da mota ta kafe, kowa ya sauka ana tona ana shimfiɗa faranta na ƙarfe a ƙarƙashin taya. Ni na tsaya gefe da lema ina tsara aikin, domin na ga babu mai tsarawa. Na ce a ja hagu. Direba ya ja dama, motar ta fita, wanda ya nuna cewa ta kowane gefe za ta fita. Hajiya Zara ta tambaye ni ko bindigar ta zinariya ce. Na ce ta ƙarfe ce mai tsatsa. Ta ce, "Kuma da iyalinka, Baba?" Daga nan ta riƙa ba ni dabino kamar yadda ake lallashin marar lafiya.

Daga Dirku wata ƙaramar mota ta kai ni Bilma. Garin ya ƙaru, amma halinsa na nan. Mu a Agadas idan hadari ya haɗo murna muke yi. A tsohuwar unguwar Bilma kuwa, inda aka yi gini da ƙasa mai gishiri, mutum yana ganin gajimare sai ya dubi bangonsa da tausayi. A wurinmu baƙo da shayi ake fara tarbarsa, a can da dabino, kuma ba a ɗauke kwanon sai an ga ka gaji. Na je na ga ramukan gishiri da kantu a jere suna jiran raƙuma, kamar yadda na bar su ina saurayi.

Malam Abari ya tarbe ni da karamcin da ya wuce misali. Ya yanka akuya, ya ba ni ɗakin da mahaifinsa ya zauna. Bisa ladabi ban ambaci abin da ya kawo ni ba a ranar farko. Washegari na ɗan taɓo maganar. Ya ce, "Mushe, ka huta tukuna, hanya tana jikinka." Rana ta gaba ya ce sai na ga gonar dabinonsa. Wadda ta biyo ya ce surukinsa zai ji haushi in ban ci tuwon gidansa ba. Na yaba wa mutanen Kawar a raina, na ce har yanzu sun san darajar baƙo.

Abu guda na lura da shi a kwanakin nan. Daga bayan katangar ɗakina, tun hantsi har la'asar, ana jin ƙarar magagari a kan ƙarfe, ƙurus ƙurus, ba hutawa. Na tambayi Malam Abari, ya ce wani maƙeri ne ɗan Agadas da ya zauna a garin, aikin gaggawa ne a hannunsa. Na ji daɗi ƙwarai da jin cewa ɗan garinmu ne ke nuna irin wannan himma a baƙon wuri. Na ce da matasan yanzu za su riƙe aiki haka, da ƙasa ta ci gaba. Har na sa aka kai masa shayi daga butata, tare da saƙon cewa ya dage, kada ya bar aiki rabi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawan unguwa sun hallara. Aka zaunar da ni a tsakiya. Sai ga wani mutum mai furfura a gemu ya fito ɗauke da wani dogon abu a naɗe cikin farin ƙyalle. Ya durƙusa ya ce, "Mushe, ba ka gane ni ba? Agali ne, na layin baya, kusa da taga."

Na gane shi. Ɗan maƙeran unguwarmu ne, na koyar da shi a aji uku. Lissafi bai taɓa zama a kansa ba, amma a duk shekarun aikina ban ga yaro mai kyan rubutunsa ba.

Malam Abari ya yi jawabi. Ya ce tun da na ce za a nuna bindigar mahaifinsa ga manyan Agadas bai yi barci mai kyau ba, domin ya ɗauko ta ya ga ta yi baƙi, ta yi tsatsa, katakonta duk tabo. Ya ce a gidansu ba a taɓa miƙa wa baƙo abu da dattinsa ba, balle abin da zai je gaban manya da sunan gidan. Ya ce ya ba ni ita kyauta, har abada. Sannan Agali ya yaye ƙyallen.

Ƙarfen yana walƙiya kamar cokalin amarya. Gindin an lulluɓe shi da jar fata da kore, irin aikin sirdin raƙumi, da tuntaye suna lilo. An dasa ƙananan ƙusoshin azurfa a jere. Katakon zugewa, wanda dominsa bindigar ta samu sunanta, an naɗe shi da fata tare da hancin, an ɗinke tam. Na juya ta wajen da rubutun yake. Wurin ya yi sumul. A kansa, cikin rubutu mai kauri da siriri irin wanda na koyar da alli da bulala, an zana: Monsieur Issoufou, Directeur.

Dattawa suna ta cewa tubarkalla. Malam Abari yana dubana, idonsa ya kawo ruwa. An ba ni tarbiyya tun ina yaro, kuma ranar ta yi mini amfani. Na miƙe na yi godiya. Na ce tun da nake ban taɓa ganin an yi wa bindiga irin wannan aiki ba, kuma ba na tsammanin zan sake gani. Duk abin da na faɗa gaskiya ne.

Da jama'a suka watse na ja Agali gefe.

"Agali, rubutun da ke nan wurin fa?"

"Ai shi ya fi ba ni wahala, Mushe. Ya shiga ƙarfe sosai. Ranar da ka aiko da shayi har na fara tunanin in bar sauran, da na ji saƙonka na ce wallahi sai na ga bayansa."

"Ka karanta shi kafin ka goge?"

"Ba Faransanci ba ne. Haruffan ma a tsaye suke ƙiƙam, ba kauri ba siriri. Da a ajinka ne, da mai shi ya sha bulala."

"Akwai lambobi?"

"Akwai."

"Waɗanne?"

Ya sosa ƙeya. "Mushe, ka san ni da lambobi."

Na sake duba rubutun nasa. Na nemi kuskure ko guda, domin in samu abin da zan yi faɗa a kai. Babu. Babban harafin farko ma ya fi wanda nake yi a allo. Na ce masa hannunsa bai lalace ba. Ya yi murmushi irin na yaron da aka ba na ɗaya.

A hanyar dawowa na rungume ta a gaban mota, gwiwa tana aikinta. Da muka iso shingen bayan gari sai na tarar da shugaban nan mai ƙiba. Ya karɓa ya jujjuya, ya kama katakon ya ja, bai motsa ba. Ya leƙa hancin ya ga Agali ya toshe shi da wani murfin azurfa mai ado. Ya kira yaransa su zo su gani, ɗaya ya tambaya ko ta rawar biki ce. Na buɗe baki zan gyara masa. Shugaban ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, don girman Allah. Wuce."

Ranar da na kai ta fada, unguwa ta cika. Manjo Bukari ya sa tabarau, ya karɓi bindigar, ya karanta rubutun da ƙarfi, sannu a hankali, har sau biyu.

"To, jama'a kun ji. Fataken Tarabulus sun san Isuhu tun kafin a haife shi, har sun san zai zama shugaban makaranta. Tashi, abokina."

Na ce sharaɗi shi ne in rubutu ya ƙaryata ni, wannan rubutu kuwa bai faɗi kome a kan Tarabulus ba, abin da ya faɗa a kaina kuma gaskiya ne. Manjo ya ce sharaɗi shi ne in ya gaskata ni, kuma bai gaskata ba. Na ce har yanzu ana iya gane shekarunta daga ƙirar kunamarta. Ya ce kunamar ma an sa mata riga. Muka ɗaga murya fiye da yadda ya kamaci shekarunmu. Na miƙe tsaye domin in nuna masa wurin da lambobin suke a da.

Tela, wanda tun ɗazu yake riƙe da bindigar yana neman inda zai ajiye ta kada tuntayen su sha ƙasa, ya ga kujera babu kowa. Ya shimfiɗa ƙyalle ya kwantar da ita a kan hannuwan kujerar. Mata masu wucewa suka tsaya kallo. Wani mai shirin aurar da ƴarsa ya tambayi ko Agali yana karɓar aikin akwati. Tela ya ce tun da ya buɗe shago bai ga jama'a haka a ƙofarsa ba, kuma a ganinsa a bar ta nan har a gano gaskiyar magana. Fada ta amince, ban da mutum biyu.

Ƙusar zaurena tana nan babu kome. Kullum bayan la'asar tela yana fito da bindigar ya ɗora ta a kujera, ni da Manjo muna dakali. Dakalin gajere ne, kuma Manjo mutum ne mai faɗi. Jiya ina cikin yi wa wani baƙo bayanin hanyar Tarabulus sai ya zungure ni ya ce, "Isuhu, ɗage gwiwa." Ban san wanda ya ba shi wannan labarin ba, amma ina zargin Hajiya Zara.